'Yar albasar maganin tari ta Sin: in sayo in shuka a Jos?

Wani ɗan kasuwa mai zuwa sari Gwanzu ya rubuto cewa ya ga wasu 'yan ƙwayoyi farare a kasuwar magunguna ta Qingping, ana auna su da ƙaramin sikeli kamar zinare. An ce masa sunansu Chuan Bei Mu. Yana so ya zuba naira miliyan 3, ya sayo iri ya shuka a Jos.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma ka riƙe kuɗinka.

Abin da ka gani saiwar wani furen daji ce, Fritillaria cirrhosa. Furensa yana sunkuyar da kai kamar ƙararrawa, saiwar kuwa 'yar albasa ce da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Sinawa sun daɗe suna maganin tari da ita. Gidanta tsaunukan Sichuan da Tibet da Yunnan da Nepal, sama da mita 3,000, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Wannan sanyin take kwanciya a ciki kafin ta tsiro. Jos ba ta fi mita 1,200 da 'yan kai ba. Ko Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Sanyin da ke sa mu jawo bargo a Filato, a wurinta bazara ce.

Kuma abin da ke kan sikelin busasshe ne, ba ya tsira.

Tsadar ma daga wahalar samunta ce. 'Yar'uwarta Fritillaria delavayi sai a shekara ta 5 take fure, kuma sai an tono kusan 3,500 kafin a haɗa kilo 1. Yawan tonon ya kai har wani bincike na 2020 ya gano cewa inda aka fi damunta, ganyenta ya rikiɗe ya koma launin dutse. Tun 2021 Sin ta sa dangin duka cikin tsirran daji da doka ke karewa.

Ka ce to sai ka saro ka sayar? Nan ma da sauran rina a kaba. Ana cakuɗa ta da wasu 'yan'uwanta masu araha, baƙon ido ba ya bambancewa. Ga rajistar NAFDAC. Sannan wa zai saya? Mai tari a Kurmi citta da zuma da kanumfari zai nema.

Tunda kana da gona a Filato, ka tambayi farashin irin dankalin Turawa a Bokkos kafin damina.