An Rubuta Mini Tara Saboda Waya, Wani Ya Ce Zai Goge Mini

Tambaya: Barista, ni direba ne, da tuƙi nake ci da iyalina. Makon jiya jami'an hanya suka kama ni ina amsa waya a kan sitiyari, suka rubuta mini takardar tara, karo na biyu ke nan cikin shekara guda. Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona, tsorona kada a ƙwace lasina. Wani mutum da ke shawagi a bakin ofishinsu ya ce in ba shi wani abu zai sa a goge sunana daga na'ura. In ba shi?

Amsa: Malam direba, kada ka ba shi ko sisi.

Batun lasi ya danganta da dokar ƙasar da kake tuƙi. Ƙasashe da dama maki suke tara wa direba, kowane laifi da nauyinsa. A Birtaniya, riƙe waya ana tuƙi maki 6 ne tun daga 2017, wanda ya tara 12 cikin shekara 3 kuwa yawanci a dakatar da shi wata 6. A Jamus, maki 8 a rajistar laifukan tuƙi da ke birnin Flensburg ya isa a karɓe lasi. Je ka ofishin da kanka ka tambayi matsayinka, haƙƙinka ne.

Shi kuwa mai gogewar nan, wallahi na gaji da ganin mutanen da irinsa suka jefa cikin rami. Kusan kullum sai wani ya shigo mini riƙe da rasiɗi yana rantsuwa ya biya, a duba a tarar rasiɗin na bogi ne. Mai gogewa ya yi layar zana, laifin yana nan daram, wa'adin biya ya wuce, tarar ta ƙaru, sammacin kotu ya fito. Wanda bai amsa sammaci ba kuma ana iya ba da takardar kama shi. Ka ga mutum ya tashi daga ƙaramin laifin hanya ya faɗa zargin ba da cin hanci da riƙe takardar jabu, waɗanda kan kai mutum gidan yari. Doka ba ta ware mai bayarwa daga mai karɓa. Ko da mutumin nan yana da ɗan'uwa a ciki da gaske, ranar da asirinsu ya tonu sunayen da suka taɓa za a fara bi, naka na ciki.

Ban wanke ofisoshin ba. Dogon layi da "dawo gobe" su ne abincin waɗannan 'yan damfara, kuma abin yana ƙona mini rai.

Abin da ya fi damuna dai shi ne karo na biyu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ka kalli waya na daƙiƙa 3, ka yi tafiyar mita 50 a makance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya a kan tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin yin karo kusan sau 4, kuma mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara. Ranar da ka buge ɗan wani, Allah Ya kiyaye, ba zancen tara za a yi ba. Tuhumar kisa ta tuƙin ganganci ce, mai gabatar da ƙara zai nemi bayanan kiranka daga kamfanin waya, ya ajiye tsofaffin laifukanka gaban alƙali, iyalan mamaci kuma su nemi diyya.

Ka biya ta hanyar da aka rubuta a jikin takardar kafin wa'adi ya cika, ka adana rasiɗin. In kana ganin an zalunce ka, kotu za ka je, ka tafi da lauya. Wayar kuma, don girman Allah, in ta yi ƙara ka gangara gefen titi ka tsaya tukuna.