Sharar Baƙi a Ƙauyen Bakin Dam

Tambaya: Ƙauyenmu yana gefen madatsar ruwa ta Goronyo. Masu zuwa shan iska suna bar mana ledar fiyawota da ragowar abinci. Ya za mu yi?

Amsa: Malam, a fara da raba sharar. A aje durom biyu a mashiga. Ragowar abinci a zuba a rami mai zurfin mita 1, ana shimfiɗa karan gero da kashin awaki, ana yayyafa ruwa duk kwana 3, don zafin Sakkwato na busar da shi, ya ƙi ruɓewa. A juya duk mako 2. Cikin wata 3 ya zama taki. In yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa: a ƙara kara.

Leda kuwa, kada a ƙona, hayaƙinta na cutar da huhu. A cusa a buhu a kai wa 'yan bola jari, tun akuya ba ta haɗiye ta cikinta ya toshe ba.