Amsa: Windows ya ƙi tashi bayan an kwafe shi zuwa SSD

Sannu da fama, ɗan'uwa. Ka ce tun da ka kwafe Windows daga tsohon faifai zuwa SSD (faifan ajiya mai sauri) kwamfutar ta ƙi tashi. Don Allah kada ka goge tsohon tukuna, shi ne madogararka.

Cire shi ka bar SSD kaɗai, sannan ka shiga BIOS (shafin saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi) ka sa Windows Boot Manager a gaba a jerin abubuwan da kwamfutar ke tashi da su. Ka lura, tsarin raba faifai iri biyu ne, GPT da MBR, kuma dole yanayin tashi da ke BIOS ya dace da tsarin: faifan GPT da yanayin UEFI yake tashi, na MBR kuwa sai yanayin Legacy.

Amma abin da na fi zargi, ɓangaren C (inda Windows yake) kaɗai ka kwafa, ka bar ƙaramin ɓangaren EFI, mai ɗauke da fayilolin tayar da Windows, a baya. In haka ne, sake kwafar faifan dukkansa. In kuwa ɓangaren EFI yana nan a SSD, kunna kwamfutar da filashin girka Windows ka gyara shi da umarnin bcdboot, wanda ke sake rubuta fayilolin tashi.

Wane saƙo allon ke nuna maka?