Wyoming ko Ohio: a wace jiha zan yi wa kamfanin gidajen haya rajista?

Tambaya: Barista, ina zaune a Bronx a birnin New York. Bara na sayi gida ɗaya a Columbus ta jihar Ohio na zuba 'yan haya, yanzu ina cinikin na biyu. Abokaina sun ce in buɗe LLC, wato kamfanin da ke raba bashinsa da dukiyar mai shi, amma a Wyoming ko Delaware, wai can babu haraji kuma ba a ganin sunan mai kamfani. Yayana da ke Maraɗi shi ma yana so ya sa kuɗi a na biyun. Ina ya dace in yi rajistar?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka fara. Ka yi rajistar a Ohio, inda gidajen suke.

Gida ba ya tashi daga inda aka gina shi, kuma dokar wurin ce ke hukunta shi. Ko a ina aka haifi kamfaninka, muddin yana karɓar kuɗin haya a Columbus, kasuwanci yake yi a Ohio. Idan ka buɗe shi a Wyoming, sai ka dawo ofishin sakataren jihar Ohio ka sake yi masa rajista a matsayin baƙon kamfani. Ka biya sau biyu ke nan, kuma ka ɗauki wakilin karɓar sammaci a kowace jiha, kowanne da kuɗinsa na shekara. A Ohio dala 99 ake buɗe LLC, kuma ba a neman rahoton shekara-shekara. Wyoming tana karɓar aƙalla dala 60 duk shekara, Delaware kuwa harajinta na LLC ya kasance dala 300 a shekarar 2025.

Wasu suna tsallake rajistar ta biyu, suna ganin babu wanda zai sani. Ranar da ɗan haya ya ƙi biya ake sani. Baƙon kamfanin da bai yi rajista ba ba zai iya tsayar da ƙara a kotun jihar ba sai ya gyara takardunsa, ɗan hayar kuma yana zaune a gidanka kyauta har ka gama. Ka kuma sani cewa da zarar gida ya koma sunan LLC, a Ohio ba za ka iya shigar da ƙarar tashin ɗan haya da kanka ba, sai ta hannun lauya. Ka sa wannan a lissafinka.

Maganar haraji ita ce ta fi ruɗar mutane. Gaskiya ne Wyoming ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, amma wannan ya amfani wanda ke zaune can ko yake samun kuɗinsa can. Kuɗin hayar gidan Columbus Ohio ce za ta fara cire nata, sannan New York ta tambaye ka saboda kai mazauninta ne, sai dai za ta rage maka gwargwadon abin da ka biya Ohio. Takardar Wyoming ba ta sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba wai sunan jihohin nan na banza ba ne. Wyoming ce ta fara kafa dokar LLC a 1977, kuma tana ba da kariya mai ƙarfi idan wani ya biyo ka bashi na kanka yana so ya kai hannu ga kamfani. Delaware tana da kotu ta musamman da ta ƙware a rikicin masu hannun jari, shi ya sa manyan kamfanoni ke tururuwa can. Mai gidaje goma a jihohi uku zai iya kafa uwar kamfani a Wyoming ta mallaki ƙananan kamfanoni a kowace jiha. Ga mai gida biyu, hidimar ta fi amfanin yawa. Ɓoye suna kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, banki da hukumar haraji da alƙali duk za su san ko kai wane ne.

Kada kuma ka yi gaggawar yin rajista a New York don kana zaune a nan. Dokarta ta ce sabon LLC ya buga sanarwa a jaridu biyu har makonni shida a jere cikin kwana 120, kuma a cikin birnin New York wannan na iya cin sama da dala 1,000.

Gidan farko, idan da bashin banki a kansa, kada ka mayar da shi sunan kamfani sai ka sami yardar bankin a rubuce. Yawancin takardun bashin suna ba banki damar neman dukan kuɗinsa nan take idan mallaka ta sauya hannu. Ka kuma sanar da kamfanin inshora, kada gobara ta tashi a tarar sunan da ke inshora daban, na takardar gida daban.

Batun yayanka ya fi zaɓen jiha nauyi. Ba sai yana da takardun zama a Amurka ba kafin ya mallaki kaso a LLC. Amma shigarsa ta mayar da kamfanin haɗin gwiwa a wurin hukumar haraji ta tarayya: zai buƙaci lambar haraji, kuma wajibi ne kamfani ya riƙe haraji daga rabonsa na riba kafin a tura masa. Shawarata, gida na biyu ya sami LLC nasa daban, ku rubuta yarjejeniya: nawa kowa ya sa, wa ke sa hannu a banki, yaya za a yi idan ɗayanku ya so fita ko ya rasu. Zancen rasuwa ba daɗi, amma idan kuna son rabon gado ya bi shari'ar Musulunci, sai an rubuta wasiyya, don in babu ita kotu dokar jiha za ta bi. Ka nemi lauyan gidaje mai lasisin Ohio da akanta wanda ya saba da masu jari na waje kafin ka sa hannu a cinikin.