Soson ƙarƙashin ciyawar roba: amsa ga yarona

Ka tambaye ni, wai in mai gida ya ce a cire soson da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ciyawar roba don a rage masa kuɗi, alhali wurin na yaransa ne masu koyon tafiya, ka yarda ko ka ƙi. Ka ƙi. Da kana sa ido lokacin da muke aiki, ba kanka a sunkuye kan waya ba, da ba ka kawo min wannan tambayar ba.

Ciyawar nan ido kawai take cika wa. Da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston na Amurka a 1966, don ƙartin 'yan wasa masu takalmi aka sa ta. Gashin wadda ake sa wa gida yawanci wajen milimita 30 ko 35 ne, yana jin nauyi ya kwanta, abin da ke ƙasa shi ke karɓar mutum. In siminti ne, siminti yaron ya faɗa wa. Yaro ɗan shekara biyu kuwa kansa ya fi masa nauyi, da ka yake sauka. Shi ya sa a Turai suke da ƙa'idar EN 1177, a Amurka ASTM F1292: ana sako wani ƙarfe mai siffar kai daga sama a auna ƙarfin bugun, kada makin haɗarin raunin kai da aka lissafa ya haura 1000. Kowane soso na kirki yana zuwa da takardar da ta faɗi iyakar tsayin faɗuwar da zai iya tarewa. Ka auna wuri mafi tsayi da yaron zai iya tsayawa a kan abin zamiya, ka nemi soson da ya kai haka, ka kuma shimfiɗa shi aƙalla mita ɗaya da rabi kewaye da abin, don yaro ba ya faɗuwa inda ka zana masa.

Haƙa ƙasa, zuba tsakuwa, danne ta, ba ruwa gangare, wannan ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san su ba ya bar sana'ar.

Abin da ya sa na ajiye aikina na amsa maka, maganar rage kuɗin nan ta tuna min wani mutum da har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Gida ne babba mai bene, yana so a gyara wa jikokinsa bayan gida. Shi ma da farko cewa ya yi a cire soso. Na ce to ya nemi wani. Ya ga ba zan lanƙwasu ba, ya yarda, ya ba da rabin kuɗi, sauran sai an gama. Na karɓo kaya bashi a hannun dila saboda mutuncin da ke tsakaninmu, ciyawa mai kyau, soso mai kauri, gam na gaske.

Muna cikin aiki, rana ta karkata, sai na ga wani haske fari fat ya sauko daga tagogin bene ya kwanta a ƙasa, siriri, yana tafiya a hankali. Na sa bayan hannuna, wallahi ban iya barinsa ba. Gilashin zamani ne mai ninki biyu, wanda aka shafa wa abin da ke mayar da zafin rana waje. Irinsa yakan ɗan lotsa ciki, sai ya tattara hasken wuri guda. Ciyawar kuma roba ce, ta ji wannan zafin sai ta ƙanƙance ta narke. Na kira shi, na kama hannunsa da kaina na sa a wurin, ya fizge. Na ce ranka ya daɗe, ko a sa wa tagogin raga ko rumfa ta waje, ko mu matsar da wurin wasan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai yi aikin da aka kira ka." Mai gadinsa yana tsaye, ya ji komai.

Na gama, aiki ya yi kyau, ko inda aka haɗa ba ka gani. Sai "gobe" da "jibi" suka fara. Da zafi ya kankama ya kira ni, na taho ina zaton kuɗina ne. Na tarar da ciyawar ta narke a layi ɗaya, daidai hanyar hasken nan, gashin ya dunƙule ya yi tauri, in ka taɓa har karce yake. A gaban baƙinsa ya ce na sa masa jabu. Na tuna masa ranar da ya fizge hannu, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai san zancen ba. Na juya wajen mai gadi, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, a nan yake cin abinci.

Bai biya ni ba har yau. Injina na danne ƙasa na sayar na sauke bashin dila, na koma haya. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na ji ya kawo wani ya sauya ɓangaren da ya narke kawai. Tsakuwata tana nan, sosona yana nan, jikokinsa suna tsalle a kan gumina. Tagogin kuma ya sa musu raga, wadda na ce masa. Sunana ne ya bari a ɓace a bakin mutanen da ba su taɓa ganin aikina ba.

Don haka kafin ka yanka ko taƙi ɗaya, je gidan da rana tsaka, ka sake komawa in ta karkata, ka dubi inda haske ke sauka, har daga tagogin maƙwabta. Duk gargaɗin da ka yi, ka rubuta, ya sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Ku yaran yanzu da kun ga kuɗin kafin alƙalami sai kai ya yi ta gyaɗawa, ba ku iya ce wa mai kuɗi a'a ba.

Ko babu gilashi ma, ciyawar roba a tsakar rana tana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Celsius, fatar ƙafar jariri kuma ba irin taka ba ce. Ka gaya wa uwar yaran, ita ce za ta kiyaye: inuwa, watsa ruwa, da gwadawa da bayan hannu kafin ta saki yaro.

Kada ka yarda ka zuba garin tsohuwar taya a cikin gashin, wancan na filin ƙwallo ne, mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 cewa daga 2031 an daina sayar da irinsa don wannan aikin. Wankakken yashi ya isa. Ciyawar da aka ciro daga tsohon fili ana sayarwa da araha, bar musu kayansu. A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi gargaɗi kan dalmar da aka samu a ciyawar robar tsofaffin filaye a jihar New Jersey, kai kuma ba ka san daga inda taka ta fito ba. Nemi takardar gwaji a wajen dila.

Ƙusa kuma ban son ganinta a tsakiyar wurin yara. Ƙasa tana motsi, wata rana kanta zai leƙo. Ka haɗa ciyawar da tef ɗin haɗi da gam, gefe a cusa shi a ɓoye yadda ɗan yatsa ba zai samu abin ja ba. In ka ce ka gama, cire takalmi, durƙusa, ka bi wurin da tafin hannu daga wannan bango zuwa wancan kafin ka kira ni in zo in duba.