Amsar tambayar Kawu kan Yahudawa da waɗanda suka ɓoye su

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji labarin 'ya'yanmu a nan Barlin suna fita da 'yan ajinsu suna goge wasu duwatsu na tunawa da Yahudawa, kana tambaya ko zaman Turai ne ya mantar da mu halin da Falasɗinawa suke ciki. Ba mu manta ba, Kawu. Amma tunda tambayar ta fito daga babba, dole in warware maka zare da abawa.

Maganar duwatsun gaskiya ce. Ƙananan faranta ne na tagulla, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, ana dasa su a ƙasa a ƙofar gidan da mutum ya zauna kafin 'yan Nazi su tafi da shi. A jiki akwai sunansa, shekarar haihuwarsa, ranar da aka kama shi da inda aka kashe shi. Wani Bajamushe mai suna Gunter Demnig ne ya fara dasa su a shekarun 1990, a 2023 kuma suka kai 100,000 a faɗin Turai. Ran 9 ga Nuwamba, ranar da aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa da shagunansu a 1938, maƙwabta kan fito da tsumma da man goge ƙarfe. Mu Hausawan nan, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, ba mu taɓa zama mun tsayar da magana ɗaya a kan wannan ba. Yawancinmu muna barin yara su je, domin darasin tarihi ne na makaranta. Wasu iyayen kan ce a goge amma ban da kunna kyandir. Sai kuma doka: musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a bainar jama'a laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5, kuma tun Yunin 2024 duk mai neman takardar zama ɗan ƙasa sai ya amince a rubuce da nauyin da tarihi ya ɗora wa Jamus na kare rayuwar Yahudawa. Abin da za a faɗa a majalisar ƙofar gida a Zariya a yi dariya, a nan yana iya raba mutum da aikinsa.

To amma ba tsoron doka ne ya sa ni nake barin nawa su je ba. Wani likita ne.

Sunansa Muhammad Hilmi, Bamisre, an haife shi a Kartum a 1901, ya zo Barlin karatun likita a 1922 ya zauna. Da Hitila ya hau mulki, dokokin launin fata ba su ƙyale shi ba shi ma: an kore shi daga asibitin da yake aiki a unguwar Moabit, an hana shi auren budurwarsa Bajamushiya, a 1939 aka tsare shi tare da wasu Misirawa, sai 1940 aka sake shi saboda rashin lafiya. Wato mutum ne da idon hukuma yake kansa. A Oktoban 1941 aka fara kwasar Yahudawan Barlin a jiragen ƙasa zuwa gabas, fiye da 50,000 aka kwashe kafin a gama. A 1942 ne Hilmi ya ɗauki wata budurwa Bayahudiya mai suna Anna Boros, wadda shi ne likitan gidansu, ya sa mata ɗankwali, ya ce 'yar ɗan'uwansa ce, sunanta Nadiya. Ya riƙa ɓoye ta a wata 'yar bukkar katako da yake da ita a unguwar Buch, in ƙura ta taso ya kai ta gidan abokai ta kwana biyu. Ya samo mata takardar shaidar musulunta daga cibiyar Musulunci ta Barlin, da wata takardar aure da Larabci mai nuna ta auri Bamisre. 'Yan sandan ciki na Gestapo sun sha kiransa da tambayoyi, bai saki baki ba. Kakar yarinyar kuwa ya kai ta wurin wata Bajamushiya, Frieda Szturmann, wadda ta ɓoye tsohuwar fiye da shekara guda tana raba ɗan abincin da hukuma ke ba ta da katin rabo da ita. Anna da uwarta da mijin uwarta da kakar duk sun ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da ransu.

Ka duba girman abin, Kawu. Yahudawa kusan 7,000 ne suka ɓuya a Barlin, kimanin 1,700 suka tsira, kuma kowane ɗaya sai da hannuwa da yawa suka taru a kansa: mai ba da ɗaki, mai kawo burodi, mai ganin abu ya yi shiru.

Hilmi ya auri budurwar tasa bayan yaƙi, ya ci gaba da duba marasa lafiya, ya rasu a Barlin a 1982 ba tare da duniya ta san shi ba. Jamusawa ba su yi hanzarin girmama irin waɗannan mutane ba, kuma a ganina dalilin a fili yake. Wanda ya ce "ba yadda za mu yi" ba ya son a nuna masa maƙwabcinsa da ya yi. Sai a 2008 aka buɗe gidan tarihi na musamman domin su a birnin nan.

Inda gardamar take shi ne wanda ke ba da babbar lambar yabon. Cibiyar Yad Vashem ce ta Ƙudus, ta gwamnatin Isra'ila, wadda tun 1963 take tantance waɗanda ba Yahudawa ba da suka sa ransu a haɗari suka ceci Yahudawa ba don kuɗi ba, bisa shaidar waɗanda aka ceta. Sun haura mutum 28,000, Polan kaɗai tana da fiye da 7,000, a can kuwa a lokacin yaƙin hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne. Akwai Musulmi a ciki, mafi yawansu daga Albaniya da Bosniya, da ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rodos, Selahattin Ülkümen. A 2013 aka sa sunan Hilmi, Balarabe na farko. Danginsa na Alƙahira suka ƙi karɓa, suka ce da wata ƙasa ce ta bayar da sun karɓa. Sai a 2017 wani ɗan'uwansa, shi ma likita, ya zo Barlin ya karɓa.

Wannan maganar tana tasowa a wurinmu bayan sallar Juma'a, musamman tun da aka fara ruwan bama-bamai a Gaza. Akwai masu cewa dangin sun yi daidai da farko, akwai masu cewa bai kamata a bar siyasar yau ta binne aikin mamaci ba. Ni na fahimci ɓangarorin biyu, amma ban ga abin da ya haɗa Anna da gwamnatin da ba a kafa ba sai 1948. Yarinya ce da ake farauta saboda jinin iyayenta, ta faɗo hannun Musulmi, ya riƙe amana. Kai ka karantar da mu ayar Ma'ida a kan wanda ya raya rai guda, ban ji ka ce sai ran Musulmi ba. Kuma ai kun ga irinsa a gida: Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018. Amurka ce ta ba shi lambar yabo a 2019, ban ji wanda ya ce aikinsa ya ɓaci don ba ma son abin da Amurka ta yi a Iraƙi ba.

Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya a cikinmu ya fita zanga-zangar Falasɗinu ran Asabar, ran Litinin ya sa wa 'yarsa hannu a takardar zuwa Sachsenhausen, tsohon sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane, da 'yan ajinsu. Wasu Jamusawa ba sa jin daɗin na farkon, wasu 'yan'uwa na gida ba sa jin daɗin na biyun. Tun 2014 akwai allon tunawa da Hilmi a bangon gidan da ya zauna, lamba 7 a titin Krefelder cikin Moabit, in mun yi baƙo daga gida mukan bi da shi ta nan. In Allah ya nufa ka zo duba idon nan da ake ta magana, zan kai ka.

A gaida Inna da sauran mutanen gida. Yara suna gaishe ka.