Gwanjon lambar mota: ina kuɗin ke tafiya?

Ɗan'uwa daga Damagaram, ka tambaya ko da gaske gwamnati na yin gwanjon lambar mota, kuma wa ke cin kuɗin. Da gaske ne, sai dai kowace ƙasa da inda take zuba su.

A Dubai, a watan Afrilun 2023, an sayar da lamba P7 a kan dirhami miliyan 55, kusan dala miliyan 15, kuɗin suka shiga asusun ciyar da mabukata. A Birtaniya kuwa, hukumar DVLA mai kula da rajistar motoci da lasisin tuƙi ta fara sayarwa tun 1989, abin da aka samu baitulmali yake tafiya.

Tsarin Hong Kong ya fi kwanta mini a rai. Tun 1973 suke gwanjon lambobi na musamman, kuɗin na shiga asusun da aka keɓe don ayyukan jin ƙai. Mai son lamba yakan fara ajiye kuɗin kafin alƙalami, a sa rana, a yi ta ɗaga farashi a bainar jama'a. Inda mutane ke yin asara shi ne bayan an sallama musu: dole mai saye ya ɗora lambar a kan motar da ke da rajista da sunansa cikin wata 12, in ya wuce a soke ta, kuɗinsa sun tafi.

In har za a kawo irin wannan Nijar, doka ta fara fayyace asusun da kuɗin za su shiga, a kuma riƙa bayyana jimillar kowane gwanjo ga jama'a.